Yadda Ake Rawar Da'ira ta An Dro

Rawar da'ira irin wadda ake yi don natsuwar zuciya ta samu gindin zama a Findhorn, can arewacin Sukotland, tun 1976, lokacin da malamin rawa Bajamushe Bernhard Wosien ya kai ta wurin. Masu raya al'adun Seltik, wato tsofaffin al'adun mutanen yankuna irin su Sukotland da Ireland da Bretagne, kan shirya ta a bukukuwansu na shekara, irin su Beltane ranar 1 ga Mayu da Samhain daren 31 ga Oktoba. Ga sabon shiga, babu kamar An Dro, rawar mutanen Bretagne a arewa maso yammacin Faransa.

Da farko a share fili, a shimfiɗa ɗan ƙyalle a tsakiya, a ɗora kyandir da furanni ko ganyen da ake samu a lokacin. Nan ne idon kowa zai riƙa komawa.

Sai a tsaya a zagaye, kowa na fuskantar tsakiya, kafaɗa kusa da kafaɗa. Ba a kama hannu gaba ɗaya. Ƙaramin yatsa ake saƙalawa cikin na maƙwabci.

Takun ƙafa shi ne jigon abin. Ka matsa hagu da taku uku: hagu, dama, hagu. Sannan ka taka uku a inda kake: dama, hagu, dama. Haka da'irar ke tafiya sannu a hankali ta hannun hagu, yadda allurar agogo ke juyawa. Takun ya zama gajere, tafin ƙafa dab da ƙasa. Mai faɗaɗa taku yana fizgar na kusa da shi, nan take sai ka ga layi ya karkace. A ganina, gara a maimaita ƙafa kaɗai har ta zauna kafin a taɓa hannu.

Hannuwa kuwa, a taku ukun farko suna lilo gaba su naɗo sama, a na biyun su warware su sauko. Kada a sandare gwiwar hannu.

A Bretagne ana busa mata bombarde, mai amo kamar algaita, tare da biniou, wani abin busa mai jakar iska. In babu, kiɗan da aka naɗa ya wadatar, amma a zaɓi marar gaggawa.

Idan kiɗa ya tsaya, kada a yi saurin sakin yatsu ko tafi. A tsaya tsit na ɗan lokaci har numfashi ya daidaita, jagora ne zai fara sakin hannu kafin a shiga rawa ta gaba.