Yadda Ake Tsara Fitar da Ruwa da Lemo Daga Masana'anta a Katsina

Abin sha nauyi ne da shi, don haka mota takan kai iyakar ƙarfinta tun bodi bai cika ba. Da kilo za ka yi lissafin lodi, ba da ido ba. Jakar fiya wata mai ƙulli 20 lita 10 ce, wato kilo 10. Motar Kanta mai ɗaukar tan 3, jaka 300 ce ƙa'idarta. Direba zai ce akwai sauran wuri, a ƙara 50. Kada ka yarda, don sifirin da taya ne za su biya, galibi a tsakiyar daji da rana tsaka.

A rufe karɓar oda tun la'asar, a raba ta hanya-hanya: ta Daura daban, ta Jibiya daban, ta Dutsin-ma daban. Wurin lodi kuwa, kayan wanda za a sauke wa a ƙarshe su ake fara sawa. In motar Daura ce, na Mai'aduwa su shige can ƙurya, sai na Daura, sai na Shargalle, na Mashi a bakin ƙofa. In aka juya wannan tsari, sai ka ga yaran mota sun zube rabin kaya a bakin titi suna tono, leda na fashewa.

Kafin a jera, a shafa ƙasan bodi da hannu. Kan ƙusa guda ko tsinin walda ya isa ya huda layin ƙasa, ruwa ya yi ta ɗiga har Mashi. A shimfiɗa kwali ko tabarmar roba. Lemon roba a rufe shi da tamfol, musamman daga Maris zuwa Mayu, saboda zafi na rage masa gas. Yogot da kunun aya kuwa, in babu motar sanyi, su fita bayan asuba, kuma gajeren zango kawai.

A sito, wanda aka fara yi shi ke fara fita. A duba kwanan watan da ke jikinsa.

Takardar kaya ta zama kwafi uku: na sito, na direba, na dila, a rubuta har abin da ya fashe. Motar lemon kwalba kada ta dawo wayam: kiret nawa ta sauke, fanko nawa ta kwaso, a ƙirga a bakin get kafin direba ya ajiye makulli.