Kurakuran da muke yi in mun hau Ɗa'if a watan Nuwamba

Da zarar zafi ya fara sassautawa, sai ka ga Hausawan Makka da Jidda sun loda tabarmi da kulolin shinkafa a mota, an nufi Hada ko Shafa, wuraren shaƙatawa a kan duwatsun Ɗa'if. Kuskuren farko tun a ƙofar gida ake yin sa: a ɗaga kai a ga rana ta ƙwalle, a ɗauka can ma haka yake. Makka ba ta wuce kimanin mita 300 daga matakin teku ba, Hada kuwa ta kai wajen mita 2,000, Shafa ma ta ɗara ta. Duk mita dubun da ka hau, zafi kan ragu da digiri 6 ko makamancin haka. Shi ya sa wanda ya bar unguwar Misfala a Makka yana gumi da jallabiya ɗaya, kafin isha'i za ka tarar da shi a mota yana kaɗa haƙora. A ɗauki bargo, yara a sa musu hula da safa, ko da maƙwabta za su yi dariya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yada zango a cikin kwari. Gaskiya wurin yana da jan hankali, ga yashi mai laushi, ga inuwa, iska ba ta dukan mutum. Amma daga tsakiyar Oktoba an shiga lokacin ruwa, kuma ba sai an yi a kanka ba. Hadari zai sauke a kan wani dutse can nesa, kai kana ganin sama garau, sai dai ka ji rugugi, jan ruwa ya taho da duwatsu da itatuwa. Mutanen Jidda ba sa buƙatar dogon bayani: ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta ci rayuka sama da ɗari, a 24 ga Nuwamba 2022 kuma ruwan da ya sauka cikin awa shida ya kai milimita 179. Ka shimfiɗa a tudu, ka ajiye mota tana fuskantar hanyar fita. In kwari yana gudu kada ka ce motarka babba ce. Ko ka tsallake lafiya, akwai tarar da take kamawa daga riyal 5,000 zuwa 10,000.

Sai hazo. Yakan rufe gangaren Hada cikin ƙanƙanin lokaci, har hukuma ta kan tsayar da zirga-zirga. Duba sanarwar hukumar yanayi kafin ka fito, in an rufe hanyar Hada ka bi ta Sail, ɗaya hanyar zuwa Ɗa'if. Tsayawa a kwanar hanya don ɗaukar hoton birai ganganci ne.

In sanyi ya matsa, wasu kan jawo kaskon gawayi cikin tanti su zuge ƙofa. Gubar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji yana ɗibarsa. A gama shayi a waje, a kashe wutar da ruwa. Wanda ya fara ciwon kai ko jiri a fito da shi iska nan take, a kira 911.