Kafin ka bar kwamfuta ka koma PlayStation

Ɗan'uwa, idan tsadar wasannin kwamfuta ce ta dame ka, daina sayen wasa ranar fitowarsa. Sa shi cikin jerin waɗanda kake so a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ka jira rangwamen ƙarshen Yuni ko na Disamba. Farashi na sauka za su turo maka saƙo.

Duk Alhamis kuma leƙa Epic Games Store, wani shagon wasannin kwamfuta, akwai wasan kyauta.

Gaskiya katin hoto (graphics card, na'urar da ke sarrafa hoton wasa a kwamfuta) ya yi tsada, PlayStation 5 ta fi sauƙin saye. Amma can sai ka biya kuɗin rajistar PlayStation Plus kafin ka buga yawancin wasanni da abokai ta intanet. A kwamfuta babu wannan kuɗin.

Sai dai farashin sabon wasa ba ya saurin karyewa. Kuma duba girmansa tukuna, wani ya haura gigabait 100, kuɗin data zai cinye ribar.