Yadda za ka zaɓi belun kunne mai sauti kusa da na lasifika

Duk wanda ya saba sauraren waƙa ko karatu daga lasifika biyu a ɗaki, ranar da ya ɗora belun kunne zai ji an sauya masa wani abu. Muryar da ya saba ji tsaye a gabansa ta dawo tsakiyar ƙoƙon kansa, ganga ta manne a kunnen hagu, garaya ta liƙe a na dama. Wasu ba sa damuwa. Wasu kuwa ba sa awa guda sai gajiya ta kama su, su cire ba tare da sun san dalili ba.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya halicci ji. Idan lasifika biyu suna gabanka, kowace ta karkata digiri 30 daga tsakiya kamar yadda ake jera su a situdiyo, sautin ta hagu ba kunnen hagu kaɗai yake shiga ba. Yana zagaye kanka ya isa na dama bayan kimanin kashi ɗaya cikin dubu huɗu na daƙiƙa, kuma kafin ya isa kai ya tare wani ɓangare na siraran sautuka. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne su ma suna sauya shi, bangon ɗaki yana dawo da amsa-kuwwa, sannan ko yaya ka motsa kai lasifikar tana nan inda take. Da waɗannan alamu ƙwaƙwalwa take gane cewa sautin a waje yake. Belun kunne yana yanke kusan dukkansu lokaci guda. Saboda haka aikinka shi ne dawo da abin da zai dawu, ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: san irin lasifikar da kake nufi

Idan abin da ke ranka shi ne jibga-jibgan lasifikokin gidan biki masu girgiza ƙirji, to babu belun kunnen da zai ba ka wannan, domin wancan amon jikinka ne yake jin sa, ba kunne kaɗai ba. Abin da ake iya kusanta shi ne sautin lasifika biyu masu kyau a ɗaki madaidaici. In kana da aboki mai situdiyo, roƙe shi minti ashirin ka zauna a kujerar mai haɗa sauti, ka saurari abubuwa uku ko huɗu da ka sani kamar yunwar cikinka. Wannan ne ma'auninka.

Mataki na biyu: duba yadda aka daidaita sautin

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Lasifika mai kyau tana fitar da sauti mai kauri da matsakaici da siriri daidai wa daida. Amma kafin ya isa dodon kunne, ɗaki ya ƙara masa kauri, ramin kunne kuma ya ɗaga shi sosai a wajajen 3,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti: ƙaramar lamba kauri, babba siriri). Belun kunne yana zuba sauti ne kai tsaye, don haka dole shi da kansa ya kwaikwayi wannan tudu da gangare. Wanda aka yi shi a miƙe ɗoɗar, in ka sa shi, sai ka ji murya ta dushe kamar ana magana a bayan labule.

Masu bincike na kamfanin Harman a Amurka, ƙarƙashin Sean Olive da Todd Welti, sun ɗauki wannan batu tun wajajen 2012. Sun auna abin da ke isa kunne daga lasifika masu kyau a ɗakin gwaji, suka bar ɗimbin masu saurare su gyara kauri da sirantaka yadda ya yi musu daɗi, daga nan suka fitar da zanen da ake kira ma'aunin Harman, wato layin da ke nuna yadda ya kamata ƙarfin sauti ya hau ya sauka daga mai kauri zuwa siriri. Wanda aka fi amfani da shi ga manyan belun kunne shi ne na 2018. AKG K371, na kamfanin da ke ƙarƙashin Harman ɗin, an yi shi ne ya bi wannan zane sau da ƙafa.

Kafin ka fitar da kuɗi, rubuta sunan samfurin a intanet ka nemi zanen awonsa an ɗora a kan na Harman. Ba sai ka zama injiniya ba. Duba abu uku kawai: kada ya yi babban tozo tsakanin 100 da 300 Hz, domin shi ne ke sa sauti ya yi dumu-dumu kamar a cikin tulu, tudun nan na 3,000 Hz ya kasance yana nan, kada kuma a samu wani tsini mai kaifi a sama da 5,000 Hz, wanda ke sa harafin "s" ya riƙa sukar kunne. Rubutun jikin kwali irin "20 Hz zuwa 20,000 Hz" kuwa ba ya gaya maka komai, na dubu biyu da na dubu ɗari biyu duk haka suke rubutawa.

Mataki na uku: duba ƙirar

Tun da Sennheiser ya fito da HD 414 a 1968, wanda shi ne na farko mai buɗaɗɗen baya, aka gane cewa barin iska ta ratsa bayan kofin yana rage jin nan na an kulle ka a akwati. Sai ka nemi mai buɗaɗɗen baya, mai kofi babba da zai haɗiye kunnen gaba ɗaya ba tare da ya danne shi ba. In an karkata 'yar lasifikar ciki ta fuskanci kunne daga gaba, ya fi, domin fatar kunne za ta samu damar yin ɗan aikinta. Sennheiser HD 800 na 2009 a kan wannan dabara aka gina shi. AKG ma ya wuce nan a 1989 da K1000, wanda ba shi da kofi sam, wasu 'yan lasifikoki ne biyu ke rataye kusa da kunnuwa kana buɗe su kamar ƙyauren taga.

A ganina mutane suna ruɗa faɗi da kama da lasifika. HD 800 yana da faɗin fili, amma yana da tsini wajajen 6,000 Hz da ke damun wasu. Sennheiser HD 600 na 1997 kuwa filinsa ƙunci ne, ƙasan kaurinsa ma ba shi da yawa, amma muryar mutum a cikinsa tana fita yadda lasifikar situdiyo ke fitar da ita. In an ce in zaɓa, muryar nake ɗauka.

Sai dai a yi gaskiya: buɗaɗɗen baya ba ya tare hayaniya ko kaɗan. In janareto na ruri a bayan tagarka, ko a cikin adaidaita kake saurare, kuɗinka ka zubar. Na kusa da kai ma zai ji duk abin da kake ji. A irin wannan hali rufaffe mai daidaitaccen sauti ya fi maka. 'Yan ƙananan da ake cusawa cikin kunne su ne suka fi nisa da lasifika, tunda sun tsallake fatar kunne gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: tabbatar abin da za ka jona shi zai iya ɗaukarsa

HD 600 om 300 ne, K371 kuwa 32 (om shi ne ma'aunin turjiyar belun kunne ga wutar lantarki). Waya za ta tuƙa na biyun cikin sauƙi, na farkon kuwa yana son ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ko na'urar sauti ta situdiyo. Sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Mataki na biyar: gwada da kunnenka

Tafi shago da abubuwan nan da ka saurara a situdiyo. Fara da muryar mutum ɗaya tilo, karatu ko labaran rediyo. Rufe ido ka nuna da yatsa inda muryar take. In ta taru wuri guda a tsakiya, da kyau. In ta bazu ko ta karkata gefe, ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. Sai ka sa kiɗa mai kalangu ko ganga, ka ji ko bugun yana yankewa tsaf ko yana jan jela. Idan kana gwada biyu, daidaita ƙararsu, domin wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke cewa ya fi daɗi, kuma masu shago sun san haka. Bar shi a kanka aƙalla minti goma sha biyar.

Kada ka ƙure ƙara don neman amon ƙirjin da ba zai zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 (ma'aunin ƙarar sauti) na awa 40 a mako.

Mataki na shida: ƙarasa da manhaja

Ko wanne ka saya, sauran aiki. Da farko gyara sautin: shirin AutoEq yana da saituttukan dubban samfura kyauta, manhajar Wavelet tana ɗora su a wayar Android, Equalizer APO kuma a kwamfuta mai Windows.

Sannan ka dawo da ratsawar nan ta kunne zuwa kunne. Injiniya Benjamin Bauer ya bayyana dabarar tun 1961: a ɗebi kaɗan daga sautin hagu, a rage masa sirantaka, a jinkirta shi, a zuba a dama, haka ma ɗaya ɓangaren. Ana samun ta da sunan bs2b a manhajoji irin foobar2000, amfilifayar SPL Phonitor ma tana da maɓallin zaɓar kusurwar lasifika. Da ka kunna za ka ji kamar filin ya tsuke, har ka ce an cuce ka. Daure na kwana biyu, sannan ka kashe ka ji yadda kiɗan zai koma ya manne a kunnuwa.

Abin da ya fi fitar da sauti daga cikin kai shi ne bin motsin kai, wato na'ura ta lura da juyawar kanka ta bar sautin a inda yake kamar lasifika. Na'urar Smyth Realiser tana sa 'yan makirufo a kunnenka ta auna ainihin lasifika a ainihin ɗaki, sannan ta kwaikwaye su tana bin motsin kanka, amma tsadarta ba ta kowa ba ce. Apple ya kawo bin motsin kai a AirPods Pro a 2020, a 2022 kuma ya ƙara ɗaukar siffar kunnenka da kyamarar iPhone. Tunda kunnen kowa daban ne, abin da ya yi wa abokinka kamar sihiri kai yana iya yi maka kamar magana a cikin rijiya, sai ka gwada kafin ka biya. Rubutun "7.1", mai nufin kamar lasifikoki sun kewaye ka, da ake mannawa a jikin belun 'yan wasan kwamfuta kuwa galibi manhaja ce kawai a kan lasifika biyu.

Abu na ƙarshe da za ka tambayi mai shago: ana samun sosonsa na canji? Zafi da gumi suna cinye fatar roba da wuri, kuma da soson ya lotsa kunne ya matso kusa da 'yar lasifikar, sautin da ka sha wahalar zaɓa ya sauya. Mai soson ƙyalle ya fi jure bazara, kuma in da hali sayi na canji guda tun ranar ka ajiye.