Yadda Za Ka Tara Wasannin Bidiyo Na Mutum Ɗaya Da Ba Za Su Mutu A Hannunka Ba

Ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe sabar (kwamfutar kamfani da wasa ke haɗuwa da ita ta intanet) wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito tun 2014. Daga wannan rana duk wanda ya sayi wasan da kuɗinsa ya rasa shi, har da ɓangaren da mutum ke yi shi kaɗai ba tare da abokin karawa ba. Faifan yana nan a kwalinsa, ko ƙwarzane babu, amma in ka saka shi a na'ura iyakarka allon farko.

An daɗe ana cewa wasan mutum ɗaya ya kusa zama tarihi. Maganar ta yi ƙarfi a 2017, lokacin da kamfanin EA ya rufe reshensa na haɗa wasanni Visceral Games suna tsaka da haɗa wasan labari, kamfanoni kuma suka karkata ga irin su Fortnite, inda jama'a ke haɗuwa ta intanet suna ta sayen kaya a cikin wasan wata da watanni. Sai dai kasuwa ba ta bi wannan hasashe ba. Elden Ring a 2022 da Baldur's Gate 3 a 2023, waɗanda mutum zai iya gamawa shi kaɗai, su suka kwashe manyan kyaututtuka. Black Myth: Wukong, shi ma wasan mutum ɗaya, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku a Agustan 2024. A cikin Agustan dai Sony ya saki Concord, wasan taron jama'a da aka kashe wa maƙudan kuɗi, bayan kwana 14 aka rufe shi aka mayar wa mutane kuɗinsu.

Don haka wasan mutum ɗaya ba ya kan gargara. Abin da ke damunmu shi ne igiyar intanet da aka ɗauko daga wasannin taron jama'a ake ɗaura masa: rajista, tabbatar da lasisi, sabuntawa dole. Wanda ke sayen data da tsada, wuta kuma ta zo ta tafi, shi wannan igiya ta fi shaƙewa. Ga yadda ake kauce mata.

Kafin ka biya kuɗi

Kada rubutun da ke cewa wasan na mutum ɗaya ne ya ruɗe ka. Adadin masu wasa kawai yake gaya maka, bai ce komai kan intanet ba. Wasu wasannin ba ruwansu da intanet ko kaɗan. Wasu sau ɗaya suke nema, ranar da ka fara buɗewa. Wasu kuma kamar jinjiri suke da nono: Gran Turismo 7 na PlayStation, duk da yawancin tserensa kai da kwamfuta ne, ba ya adana ci gabanka sai da sabar kamfani, shi ya sa a Maris 2022 da aka tsaya gyara fiye da awa 30 masu shi suka zauna zugum. Hitman na zamani yana buɗewa ba intanet, amma makamai da ladan da kake tarawa ba sa ƙaruwa sai ka haɗa.

A kan kwamfuta, buɗe shafin wasan a kantin intanet na Steam ka duba gefen dama, ƙasa da jerin siffofinsa. Nan ake rubuta ko yana buƙatar asusun wani kamfani daban, kamar na EA ko Ubisoft, da kuma ko yana ɗauke da Denuvo, makullin hana satar wasa. Shi Denuvo yana barin ka yi wasa ba intanet na wani lokaci, amma in ka canja wani ɓangare na kwamfutar ko Windows ta yi babbar sabuntawa, sai ya nemi ya sake tantance ka, kuma na'ura biyar kawai yake yarda a tantance cikin awa 24. Shafin PCGamingWiki yana fayyace irin makullin da ke jikin kusan kowane wasa.

In wasan yana kantin GOG, mu a ganinmu can ya fi dacewa ka saya ko da ya ɗara tsada kaɗan. Wasanninsu ba su da makulli. Bayan ka biya, shiga ɗakin wasanninka ta burauza ka sauke fayilolin girkawa na ajiya: ƙaramin fayil guda mai ƙarewa da .exe, sai manyan gutsattsari masu .bin, kowanne kusan GB 4. Ka tara su duka a jaka ɗaya. In guda ya ɓace ko bai gama sauka ba, girkawar za ta tsaya a tsakiya. Da zarar sun cika a rumbunka, ko kantin ya rufe gobe kana da wasanka. Rufe kanti kuwa abu ne da ya sha faruwa: Nintendo ya daina sayarwa a kantunan 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024.

Faifai ma sai an bincika

Da can faifai shi ne wasan, yanzu ba kullum ba. Faifan PS4 yana ɗaukar GB 50, na PS5 har GB 100, amma wasu kamfanoni ba sa cika shi. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke ciki bai fi MB 70 da ɗoriya ba, sauran duka saukewa ake yi. Spyro Reignited Trilogy da ya fito a 2018 wasanni uku aka tallata, na farko ne kaɗai ya cika a faifan farko-farko. A na'urar Switch 2 ta Nintendo kuma akwai katin da ake kira Game-Key Card, wanda mabuɗi ne zalla, ba wasa a ciki.

Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun baya da na ƙasan gaba. In an rubuta ana buƙatar intanet ko saukewa, ka san akwai sauran kashe kuɗi. Shafin DoesItPlay aikinsa ke nan: suna saka faifai a na'urar da ba ta da intanet su ga ko za a iya buga wasan daga farko har ƙarshe. In na hannu za ka saya a kasuwa, ɗaga faifan ka karkata shi a haske, ka fi kula da ƙwarzanen da ya bi da'ira, don shi ne ke hana karatu. Ka kuma tambayi faifai nawa ne asali. Red Dead Redemption 2 na PS4 biyu ne, ɗaya na girkawa ɗaya na wasa, kuma akan sayar wa mutum guda ɗaya bai sani ba. Wasan da aka sake bugawa cikakke bayan shekara ɗaya ko biyu yakan fi na ranar farko, domin sau da yawa gyare-gyaren sun riga sun shiga faifan.

Ita ma na'urar ka duba ta. Xbox Series S ba ta da wurin saka faifai sam. PS5 Pro da PS5 siririya ta dijital sai ka sayi mazubin faifai daban, shi kuma yana neman intanet sau ɗaya ranar da ka haɗa shi, don haka ka yi wannan haɗin tun kana gaban mai shago.

Ka shaida wa na'ura cewa gidanka ce

Wasan da ka saya ta kantin intanet lasisi ne a jikin asusunka, kuma na'ura ba za ta buɗe shi ba intanet ba sai an naɗa ta babbar na'urar wannan asusu. A PS5 shiga saituna, ɓangaren masu amfani da asusu, ka kunna Console Sharing and Offline Play. A PS4 sunansa Activate as Your Primary PS4. A Xbox shi ne My home Xbox, kuma sau biyar kawai ake iya canja shi a shekara. In ba ka yi haka ba, ranar da data ta ƙare za ka ga ɗan kwaɗo ya bayyana a jikin hoton wasan.

Wannan kwaɗo shi ne kukan masu zuwa a loda musu wasanni a shago. Mai shago da asusunsa yake lodawa, kuma asusu ɗaya PS5 ɗaya yake naɗawa. Ranar da ya ɗauke naɗin ya kai wa wani, ko aka rufe asusun saboda yawan rabawa, da na'urarka ta taɓa intanet wasanninka duka sun kulle, ba kuma wanda za ka kai wa ƙara. Arha ce mai tsada. Ka buɗe asusunka da imel ɗinka, ka rubuta kalmar sirri a takarda ka adana. Da yake babu kantin PlayStation na Najeriya ko Nijar, yawanci na Amurka ko Ingila ake buɗewa. Ka tsaya kan ƙasa ɗaya: faifan kowace ƙasa yana aiki a na'urarka, amma ƙarin labarin da ake saya daga baya dole ya fito daga kantin yankin da faifan ya fito, in ba haka ba ka biya kuɗi wasan bai gan shi ba.

A Steam kuma, ka bar shi ya tuna shigarka, ka buɗe wasan sau ɗaya da intanet har ka fara bugawa, ka tabbata babu sabuntawar da ke jiran layi, sannan ka zaɓi Go Offline daga menu na sama. Sabuntawar da aka fara ba a gama ba takan hana wasa tashi.

Bayan duk wannan sai gwaji, kuma shi ne matakin da bai kamata ka tsallake ba. Kashe Wi-Fi, zare wayar intanet, kashe na'urar gaba ɗaya ka sake kunnawa. Buɗe wasan, ka yi minti goma, ka adana, ka fita, ka dawo ka ga ko ya ɗora daga inda ka tsaya. Ka yi shi a ranar da ka saya, domin Steam yana mayar da kuɗi ne in ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa biyu ba.

Data da wurin ajiya

Baldur's Gate 3 yana neman GB 150 a kwamfuta, Black Myth: Wukong GB 130, Elden Ring GB 60. Da layin da ke gudun megabit 10 a daƙiƙa, GB 100 zai ci kusan awa 22 ba tsayawa. Abin da ka sauke da wannan wahala bai kamata ka goge shi don neman wuri ba. PS5 ta farko an ce GB 825 ce, amma abin da ke hannunka kusan 667 ne. Sayi rumbun waje na USB mai sauri, daga GB 250 zuwa TB 8 duk tana karɓa. Wasannin PS4 suna tashi kai tsaye daga cikinsa. Na PS5 ajiya kawai, sai ka mayar da su ciki kafin ka buga, amma mayarwar minti kaɗan ce kuma ba ta cin data. A kwamfuta ka tsara rumbun da exFAT ko NTFS, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura GB 4.

Kashe sabuntawa ta kai-tsaye a saituna. Wasan labari da ke tafiya lafiya ba ya buƙatar gyaran GB 20 da aka yi don ɓangaren taron jama'a. Kada kuma ka raina ƙananan wasanni, a can ne wasan mutum ɗaya ya fi bunƙasa yanzu. Stardew Valley, wanda mutum guda Eric Barone ya haɗa ya saki a 2016, bai kai GB 1 ba, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta da wayar Android, kuma zai riƙe ka watanni. Hollow Knight da Celeste da Hades duk ba sa neman na'ura mai tsada.

Game Pass da PlayStation Plus haya ce. Suna da kyau don ɗanɗana wasa, amma ranar da kuɗin wata ya ƙare ko aka cire wasan daga jeri, ya kulle. Wanda ka san za ka koma masa, saye shi.

Ajiyar ci gaba da matsalar wuta

Wasa ana sake saukewa, amma awa 80 da ka yi kana bin labari ba a sayo ta a ko'ina. A PS4 kana iya kwafe fayil ɗin ci gabanka zuwa filash. A PS5 an hana haka ga wasannin PS5: ko ka biya PlayStation Plus ya hau sabarsu, ko ka kwafe na'urar ta hanyar Back Up and Restore zuwa rumbun USB, inda za ka iya zaɓar bayanan ci gaba kawai ka bar wasannin don aikin ya yi sauri. Xbox kyauta yake ajiyewa a sabarsa duk lokacin da ka haɗa. A kwamfuta yawanci fayilolin suna cikin Documents ko AppData, ka kwafe su duk mako. A cikin wasan kuma ka riƙa juya gurabe uku na adanawa maimakon danne guda ɗaya kullum.

Abin da ya fi lalata waɗannan fayiloli shi ne ɗaukewar wuta daidai lokacin da ƙaramar alamar adanawa ke juyawa a kusurwar allo. PS5 tana jan kusan wat 200 a wasa mai nauyi, talabijin ya ƙara nasa. Ƙaramin UPS mai batir 12V 7Ah ba zai ba ka fiye da 'yan mintuna ba a kan wannan nauyi, amma sun isa ka adana ka kashe, kuma aikinsa ke nan. In da hali ɗauki mai 1000VA. Kada ka bar na'ura a yanayin barci, wato lokacin da fitilarta ta koma ruwan lemo, in za a canja daga wutar gari zuwa janareto. Kashe ta ɗungurungum har fitilar ta mutu.

In an riga an yi ɓarnar a PS4 ko PS5, na'ura tana nauyi ko wasa ya ƙi buɗewa, kashe ta, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kusan daƙiƙa bakwai har ka ji ƙara ta biyu, haɗa abin riƙewa da wayar USB, ka zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge wasa ko ci gaba, jera bayanan kawai yake sake yi. Ka kula da zaɓin da ke ƙasan jerin masu ɗauke da kalmar Reset ko Initialize, domin akwai cikinsu masu share komai da ke na'urar.