Jirgi Ba Ya Jira: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsara Sauka Gari a Doguwar Tafiyar Ruwa ta Kudancin Amurka

Wanda ya biya kuɗin ɗaki a jirgin ruwan shaƙatawa da zai kewaya Kudancin Amurka, gani yake ya gama babban aiki, saura haɗa kaya. Alhali abin da zai riƙa tunawa bayan shekaru shi ne sa'o'i bakwai ko takwas ɗin nan da jirgi ke tsayawa a kowace tasha. Hanyar da aka fi bi tana tashi daga Buenos Aires ta Ajantina, ta gangara kudu har ta kewaye Cape Horn, ƙarshen kudancin nahiyar, sannan ta haura zuwa San Antonio ko Valparaíso a Chile, tafiyar kusan mako biyu. Masu tsawo suna farawa tun daga Brazil su ƙare a Peru, wasu ma su wuce. Ana yin ta ne tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin zafinsu ke nan. Ga wuraren da mutane suka fi yin tuntuɓe.

Biza mai shiga sau ɗaya

Wannan kuskuren tun daga gida ake yin sa, kuma ya fi cizon masu fasfo irin namu. Ba'amurke ko Bature zai ce maka shi bai nemi komai ba, ya shiga jirgi kawai. Kada ka biye masa. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Brazil, Ajantina, Yurugwai, Chile da Peru, kowace da ofishin jakadancinta da kwanakin jiranta. Ko ka ce ba za ka sauka a wata ƙasa ba, kamfanin jirgi na iya hana ka shiga tun ranar farko idan takardunka ba su cika ba.

Sai ka ɗauki jadawalin tafiyar ka bi shi da yatsa. Buenos Aires Ajantina ce. Washegari Montevideo, Yurugwai. Sai Puerto Madryn, an koma Ajantina. Sai tsibiran Falkland da ke hannun Birtaniya. Sai Ushuaia, Ajantina karo na uku. Wanda ya karɓo biza mai shiga sau ɗaya ya ɗaure kansa da kansa. Ka nemi mai shiga da yawa, ka haɗa da jadawalin jirgin cikin takardun da za ka miƙa, ka kuma sa kamfanin ya rubuto maka abin da yake buƙata daga mai irin fasfonka. Katin rigakafin shawara ya zauna cikin fasfo, kada ya rabu da shi.

Sunan da ke kan takarda da wurin da jirgi ke tsayawa

Takardar talla za ta rubuta Santiago, amma Santiago ba ta bakin teku. Jirgi a San Antonio ko Valparaíso yake tsayawa, tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi a mota. São Paulo kuma Santos ce tasharta. Lima, Callao ce, kuma daga can zuwa unguwar Miraflores cunkoso na iya cinye maka fiye da sa'a guda. Waɗannan ma masu sauƙi ne.

Manyan su ne wuraren da ake sa hotonsu a bangon takardar. Machu Picchu, kufan tsohon birnin Inca da ke kan duwatsun Peru, ba wurin yini ɗaya ba ne daga Callao. Sai ka hau jirgin sama daga Lima zuwa Cusco, sai mota, sai jirgin ƙasa, sai bas mai hawan dutse. Cusco tana kan tsayin kusan mita 3,400, kuma mutumin da ya yi mako uku a kan teku ya dira can cikin sa'a ɗaya da rabi, ciwon kai da haki ne za su fara yi masa maraba. Tikitin shiga kuma ƙidayayye ne, da sa'arsa a rubuce. Magangarar ruwan Iguazú tafiyar kusan sa'a biyu ce a jirgin sama daga Buenos Aires. Gandun Torres del Paine daga Punta Arenas sa'a huɗu zuwa biyar ne a mota, zuwa kaɗai.

Ni dai shawarata, irin waɗannan wurare a ba su kwanakinsu kafin a shiga jirgi ko bayan an sauka. Idan tafiyar daga Buenos Aires za ta fara, ka iso da kwana uku ko huɗu, ka je Iguazú ka dawo cikin natsuwa. Idan a Callao za ta ƙare, ka bar Machu Picchu zuwa ƙarshe. Akwai masu sauka a wata tasha su tari jirgi a ta gaba, kuma yana yiwuwa, amma in da kanka ka shirya, ba tare da izinin kamfanin jirgi a rubuce ba, ka sayi rigima da kuɗinka.

Wa jirgi ke jira?

A nan ne mutane suka rabu gida biyu, kuma kowane gida yana da nasa kuskuren. Wasu suna sayen duk yawon da kamfanin jirgi ke tallatawa, tasha goma yawo goma, su kashe kusan kuɗin wani tikitin. Wasu kuma sun ji an ce na jirgi tsada ne, sai su yi rantsuwa ba za su sayi ko ɗaya ba.

Abin da kake saya da tsadar nan abu ɗaya ne: idan motar yawon jirgi ta makara, jirgi zai jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Idan motar da ka ɗauka da kanka ce ta yi faci a jeji, babu mai jiranka. A ce Punta Tombo ce, inda dubban tsuntsayen fengwin ke ƙyanƙyasa, kusan kilomita 180 daga Puerto Madryn. Jirgi ya tafi, tasha ta gaba tsibiri ce a tsakiyar teku, ta gaba da ita kuma tana ƙarshen duniya. Ga mai fasfon da ko'ina sai da biza, bin jirgi a baya ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

To ma'aunin ba wuya. Duk inda tafiyar ta wuce sa'a ɗaya da rabi daga tasha, ko ta haɗa da jirgin sama ko tsallaka ruwa, ka biya na jirgi ka huta. Inda kuwa gari ke bakin ƙofa, ka riƙe kuɗinka. A Montevideo kana fitowa daga tasha ga tsohon gari, ga kasuwar Mercado del Puerto, ƙafa ta isa. Ushuaia ma haka, gadar jirgin a tsakiyar gari take, kuma gandun Tierra del Fuego bai da nisa. In ka ɗauki ɗan jagora na kanka, ku yi ƙa'ida ya dawo da kai sa'a biyu kafin tashi, kuma ka fita da lambar wakilin jirgi na wannan tashar, wadda ake bugawa a takardar shirye-shiryen kowace rana.

Agogon jirgi shi ne agogo. Daga Rio har Valparaíso a wannan lokacin na shekara lokaci ɗaya ne, sa'a huɗu bayan na Kano, shi ya sa mutane ke sakin jiki. Ana shiga Peru sai a sami bambancin sa'a biyu da Chile, waya ta canja da kanta. Ka ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi kowace safiya.

Iska ce mai gari

A kudancin nahiyar nan kyaftin ma da izinin iska yake aiki. Akwai tashoshin da babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya nesa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage: Stanley a Falkland, Punta del Este, Puerto Montt, Puerto Chacabuco. In teku ta tashi, sai a soke saukar gaba ɗaya, kuma Stanley ta yi suna a wannan. Kuskuren shi ne mutum ya biya ɗan jagora duka kuɗi tun daga gida ba tare da ya tambayi abin da zai faru in jirgi bai tsaya ba. Masu gaskiya a cikinsu sun saba, suna mayar da kuɗi ko su ce sai ka sauko ka biya. Wanda ya ƙi rubuta maka haka, ka nemi wani.

Duk da haka kada tsoron sokewa ya sa ka yi sanyin jiki wajen kama wuri. Mutanen tsibiran Falkland gaba ɗayansu ba su kai 4,000 ba, jirgi ɗaya kuwa na iya sauke 2,000 ko fiye. Motocin da ke zuwa Volunteer Point, inda manyan fengwin masu ruwan ɗorawa a wuya suke, ƙididdigaggu ne, tafiyar kuma sama da sa'a biyu ce, wani ɓangaren babu titi. Watanni kafin tafiya suke cika. Mai ciwon baya ya haƙura da ita, Gypsy Cove tana nan kusa da gari.

A irin waɗannan tashoshin kuma, masu yawon jirgi ake fara saukewa. In ka ce wa ɗan jagoranka ƙarfe takwas don takarda ta ce jirgi zai iso takwas, zai yi ta jiranka har tara da rabi.

Akwai kuma masu zuwa Puerto Madryn a Janairu ko Fabrairu da burin ganin manyan kifayen wel na Península Valdés. Sun riga sun tafi. Lokacinsu daga Yuni ne zuwa wajen tsakiyar Disamba. Fengwin dai suna nan har Maris.

Kilishi, goro da dabino

Mu mutane ne masu tafiya da guzuri, kuma wannan halin na iya jawo tara a Chile. Hukumar kula da noma da dabbobi ta ƙasar ba ta wasa da shigo da nama, 'ya'yan itace, zuma ko iri. Akwai takardar da ake cikewa, akwai karnuka masu shinshina jaka a tasha. Tuffa ɗaya da ka ɗauko daga wurin karin kumallo laifi ne, balle ƙunshin kilishi ko goro a aljihu. Ka bar su a ɗaki. In kana shakkar wani abu, ka bayyana shi a takarda, mafi muni su karɓe. Ɓoyewar ce ke kawo tara. Falkland ma suna da irin wannan tsanani.

Salla, azumi da abin da ke cikin tukunya

A Ushuaia a ƙarshen Disamba rana tana kai kusan sa'a 17, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma hasken sama ba ya gama ɗaukewa kafin gari ya sake wayewa. Ka sauke jadawalin salla na kowace tasha tun kana da intanet, ka kuma tattauna da malaminka kan hukuncin matafiyi kafin ka tashi. Azumin 2027 a farkon Fabrairu zai kama, tsakiyar kakar tafiyar ke nan, to a duba kafin a zaɓi kwanan wata.

In Juma'a ta same ka a Buenos Aires, akwai Cibiyar Sarki Fahd a unguwar Palermo, wadda aka buɗe a 2000. A Coquimbo ta Chile ma akwai masallaci a kan tudu mai hasumiya irin ta Marrakesh. Yawon da aka ce har da abincin rana kuwa, ka tambaya tun da wuri. Feijoada ta Brazil wake ne da naman alade, gashin Ajantina yakan zo da tsiran alade, giya kuma ana zuba ta ba tare da an tambaye ka ba. Kifi ya wadata a duk gaɓar, ka roƙe shi tun lokacin biyan kuɗi.

Idan jirginka zai tsaya a Salvador ta jihar Bahia, kada ka ɗauke ta ranar hutu. Hausawan da aka kai can bauta sun ƙulla bore a 1807 amma aka gano shirin, suka kuma yi bore a 1809 da 1814, sannan a Janairun 1835 Musulmi bayi da 'yantattu, akasari Yarabawa tare da Hausawa, suka yi tawayen da ake kira na Malê. Yawon da aka saba sayarwa coci-coci da kantunan tsaraba yake kai mutane, don haka ka nemi ɗan jagoran da ya san wannan tarihin. A bakin titi za ka ga mata cikin fararen kaya suna suyar acarajé. Ƙosai ne, da manja ake soya shi, a tsaga a cusa jatan lande.

Ƙananan abubuwa masu ɓata yini

Alamar kuɗin peso iri ɗaya ce da ta dala, ka tambaya kafin gabanka ya faɗi ko ka yi murnar banza. Ajantina, Chile da Yurugwai kowace da nata peson, Brazil real, Peru sol, Ekwado dalar Amurka. Ka riƙe ƙananan daloli sababbi, don mai yagewa ba ta karɓuwa, kuma kada ka dogara da katin naira shi kaɗai. A Ajantina Malvinas ake ce wa tsibiran Falkland, yaƙin da suka yi da Birtaniya a kansu a 1982 bai warke a zukatansu ba. Kasuwar titi ta San Telmo a Buenos Aires ta Lahadi ce, gidajen tarihi da yawa kuma Litinin a rufe suke. A Rio ka ɗaga kai ka dubi dutsen Corcovado kafin ka sayi tikitin hawa, in gajimare ya rufe shi ka fara da dutsen Pão de Açúcar. Waya a aljihu a Rio da unguwar La Boca ta Buenos Aires, kuma kada ka fita da ƙafa daga tashar Callao. Zafin Rio kada ya ruɗe ka: a Ushuaia ma'auni yakan tsaya wajen 10, ga iska ga yayyafi, to riga kan riga da ta ruwa a sama.

Wasu kuma suna cika kowace tasha da yawon yini guda, kwana uku a jere, har su iso wurin da suka fi ɗoki ƙafa ta kumbura. Tasha uku ko huɗu suka cancanci wahala da kuɗi, sauran a taka a hankali.

Ranar sauka ma tasha ce. Daga San Antonio zuwa filin jirgin saman Santiago akwai fita daga jirgi, akwai binciken kaya, akwai sama da kilomita 100 na hanya, kuma iska na iya sa jirgi ya iso a makare. Tikitin komawa gida ya zama na dare, ko ma na washegari.