Yadda za ka bi sawun mafi ƙarancin albashi daga Abuja zuwa asusunka

Da zarar rediyo ta ce shugaban ƙasa ya sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi, mu da ke ofishin albashi na ƙaramar hukuma mun shiga uku. Kowa ya leƙo, tambaya ɗaya ce: "Malam, wannan watan za mu gani?" Ba wannan watan ba ne, sau da yawa ma ba na gaba ba. Tsakanin adadin da aka faɗa a Abuja da alat ɗin da zai shigo wayarka akwai takardu da dama, kuma wanda ya san su shi ne ba a yi wa rufa-rufa.

Fara da sanin mai wuƙa da nama. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa batun ƙwadago, har da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamna na iya ƙarawa a kai, amma doka ba ta ba shi damar ragewa ba. A Amurka birni kan yanke nasa adadin sama da dala 7.25 a awa da gwamnatin tarayyarsu ta tsayar tun 2009. Mu nan ciyaman ba ya yanke komai, abin da jiha ta amince shi ne namu.

Kafin a kai ga doka, sai an zauna ciniki. Shugaban ƙasa kan kafa kwamiti mai ɓangare uku: gwamnati (tarayya da wakilan gwamnoni), 'yan ƙwadago wato NLC da TUC, sai masu kamfanoni irin su ƙungiyar NECA. Kwamitin da ya yi cinikin 2024, Kashim Shettima ne ya ƙaddamar da shi ranar 30 ga Janairun 2024, mutum 37 ƙarƙashin Bukar Goni Aji. 'Yan ƙwadago suka buɗe baki da naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000. Aka yi ta ja har yajin aikin 3 ga Yuni, ranar da aka kashe wutar ƙasar baki ɗaya. Daga baya ƙwadago suka sauko 250,000, gwamnati ta hau 62,000, sannan Tinubu ya zauna da Joe Ajaero na NLC da Festus Osifo na TUC aka tsaya a 70,000. Majalisa ta amince, ya sa hannu ranar 29 ga Yulin 2024. Shawarata a wannan gaɓar: kada ka ci bashi a kan adadin da ka ji ana faɗa lokacin ciniki. Na ga waɗanda suka karɓi kaya a kanti suna lissafin dubu ɗari biyu da hamsin, suka kwana a ciki.

Haka abin yake tun asali. Naira 125 ta zamanin Shagari a 1981 sai da Hassan Sunmonu, shugaban NLC na lokacin, ya ja ma'aikata yajin aiki aka samu. An yi 18,000 a 2011 lokacin Jonathan, 30,000 a 2019 lokacin Buhari.

Sai ka duba ko dokar ta shafe ka. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin 'yan awoyi ba, ko wanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da ya yi, ko aikin da ke zuwa da lokaci kamar na gona. Saboda haka yaron shago da malamar ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwa, yawancinsu dokar ta tsallake su. Ni dai ina ganin nan ne babban giɓinta, domin waɗannan su ne suka fi yawa, amma haka take a rubuce.

Idan kai ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, yanzu ne ya kamata ka buɗe ido sosai, domin cinikin da ya fi shafarka a gida ake yinsa. Gwamna zai kafa nasa kwamitin, galibi da shugaban ma'aikata da Akanta Janar da shugabannin ƙwadago na jiha. Shi ya sa adadin ya bambanta: a 2024 Kano ta sanar da 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000, Legas 85,000. Amma wannan adadin na mutumin da ke can ƙasa ne, mataki na 1. Kai da kake mataki na 8 ko na 12, abin da ya dame ka shi ne gyaran da za a yi wa sauran matakai, don kada masinja ya kamo magatakarda. A nan ake yin wasan. A 2019 gwamnatin tarayya da ƙwadago sun kai wata shida bayan sa hannu kafin su daidaita: mataki na 7 ƙarin kashi 23.2 cikin ɗari, na 8 kashi 20, na 9 kashi 19, na 10 zuwa 14 kashi 16, na 15 zuwa 17 kashi 14. Jihohi ba dole ne su bi wannan ba. Wata jihar za ta cika wa na ƙasa dubu saba'in ɗinsa a buga ganga, sannan ta yayyafa wa na sama 'yan dubbai kaɗan ta ce ta aiwatar.

Don haka ka nemi jadawalin albashin da aka sa wa hannu. Takarda ce mai layi-layi, matakai 1 zuwa 17 sun gangaro ta gefen hagu, ƙananan matakan shekara-shekara sun miƙe ta sama. Sa yatsa a matakinka, ja shi zuwa inda kake, adadin da ka tarar shi ne haƙƙinka. Je wurin sakataren reshen ƙungiyarku, NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ko NUT ta malamai ko ta ma'aikatan lafiya, ka ce a ba ka kwafi, ka ɗauke shi hoto a waya. Tare da shi ka nemi takardar umarnin da ta fito daga ofishin shugaban ma'aikata, ka karanta ranar da aka ce za a fara aiki da shi. Wannan ranar ita ce ke nuna wata nawa na ariyas kake bi. Jawabin gwamna a dandali ba ya cikin abin da mu ke iya biya da shi. Sai takarda ta iso teburinmu.

Mu 'yan ƙaramar hukuma da malaman firamare muna da ƙarin shinge. Kuɗinmu ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin bai zauna da gindinsa yadda aka zata ba. Shi ya sa za ka ga ma'aikatan jiha sun fara karɓa, mu muna jira. Malaman firamare na Abuja sai da suka yi watanni suna yajin aiki a 2025 a kan wannan. To, idan ana cinikin jiha, matsa wa wakilinku ya tabbatar an ambaci ƙananan hukumomi da malaman firamare ƙarara a cikin yarjejeniyar. In ba a rubuta ba, za a ce maka "ana duba ƙarfin aljihu".

Ranar da sabon albashi ya shigo, kada ka yi hukunci da alat. Karɓi takardar albashinka ka dubi jimillar kafin a cire komai, ita za ka gwada da jadawalin. Sannan ka bi abin da aka yanka ɗaya bayan ɗaya: fansho (kashi 8 cikin ɗari ga masu tsarin adashi na dokar 2014), kuɗin ƙungiya, inshorar lafiya, bashin banki in kana da shi. Ka lura ko an narkar da wani tsohon alawus ɗinka cikin jimillar don ta cika, domin ana yin haka, kuma ba a sanarwa.

In ka ga gibi, rubuta ƙorafi, kada ka tsaya a baki. Haɗa kwafin jadawalin da takardar albashi ta wata biyu, tsoho da sabo, ka miƙa wa ofishin albashi ta hannun ƙungiyarku, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Ma'aikacin kamfani zai iya kai ƙara ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa, in abin ya ƙi, sai kotun ma'aikata ta ƙasa. Ajiye takardun nan wuri ɗaya, domin gyaran dokar 2024 ya rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato a 2027 za a sake zama, kuma da tsohon jadawalin za ka auna sabon.